Kati Mai Gogaggiyar Lamba

Ni ne na bayan taga,
wanda kuke miƙa wa kati.
Hannuna kuka sani, da hatimi.
Tanimu ne sunan. Shekara sha tara
ina jera fayil a wannan asibiti.

Daren Laraba, tsakiyar Agusta,
ruwan Jos ya sauko da ƙanƙara,
yana dukan kwano kamar mai bin bashi.
Wuta ta ɗauke. Baba Gyang ya yafa buhu,
ya lallashi janareta, ya zage ta,
ta yi tari sau uku, ta tashi.

Sai ga jiniya.
Motar dankali ta kife a Hawan Kibo,
mutum bakwai, laka har kunne.
Sista Kachollom ba ta ɗaga murya,
yatsa kawai: wannan gado, wancan benci,
wannan zai jira, wannan ba zai jira ba.
Dakta Sha'aban ya bar shayinsa wa ƙuda.
Nanret ya ruga da kwalaben jini.
Madam Saratu ta rufe littafin rasit,
ta ce, "A fara. Lissafi ba ya mutuwa,
mutum ne ke mutuwa."

Na bakwai yaron mota ne, ba baki, ba suna.
A aljihunsa ɓarin goro, naira ɗari biyu,
da katinmu, ruwa ya lashe lamba biyu.
Talatu mai shara ta kawo mini shi
a tafin hannu, kamar ɗan tsako.

Da na buɗe masa sabo,
na rubuta "ba a san shi ba", na koma kujera,
ba mai cewa na yi laifi.
Amma lamba biyu fayil ɗari ne kawai,
kuma dare yana da faɗi.
Tocila a baki, ƙafa a tsani,
gizo-gizo yana mini maraba.

A na sittin da huɗu na same shi:
Haladu, Farin Gada, karayar hannun hagu,
ga tabon nan, na gan shi ɗazu.
A goshin fayil, da jan biro,
an ja layi biyu a ƙarƙashi:
kada a ba shi fenisilin.
Na san rubutun. Sista Rifkatu ce,
wadda ta yi ritaya bara waccan,
tana Pankshin tana kiwon kaji,
tana barci, ba ta san tana bakin aiki ba.

Gwiwata ta manta da ciwonta.
Na tarar an zuƙi allura,
Sista na ɗalla sirinji da farce.
Ban yi sallama ba. Na ɗora fayil a kan tire.
Ta karanta, ta dubi Dakta,
ya ce, "Canja."
Shi ke nan. Ba wanda ya dube ni,
ba lokacin duban mutum ba ne.

Asuba ta zo a jiƙe.
Ladan ya kira daga Anguwar Rogo,
can gaba ƙararrawar coci ta biyo baya.
Uwar Haladu ta iso da takalmi a hannu,
ta durƙusa gaban likita.
Ya ce, "Tashi, Inna. In kowa za ki durƙusa wa,
gwiwarki ba za ta kai azahar ba."

Na koma taga.
A kan teburina kofin shayi, yana tururi,
da soyayyen dankali a leda, da yaji.
Ba suna, ba lamba.
Wannan kam ban yi bincike ba.

Fayil sittin da uku na jira in mayar da su,
layi ya kai bakin ƙofa.
Na goge maiƙon hannu, na ɗaga hatimi.
Na gaba, kawo kati.